Littafin harajin ɗakin ɗinkina

11 ga Janairu, 2025

Yau na juye kwalin da nake tara rasit a ciki a kan teburin yanka. Shekara guda cur ta saye da sayarwa ce a zube, wasu takardun tawadarsu ta dushe har sai na kai su bakin taga kafin in ga adadin. Na buɗe wannan littafi don in riƙa rubuta inda na kwana, saboda bara a daren ƙarshe na cika takardun, kuma ban fahimci rabin abin da na sa wa hannu ba.

Ina da aikin albashi da rana, ana cire harajinsa tun kafin kuɗin ya iso hannuna, kamar kowane ma'aikaci a nan Amurka. Da yamma da ƙarshen mako kuma ina kan keke: jakunkunan yadi, rigunan matashin kai, da gyaran tufafi, wato rage tsawon wando, sauya zif, matse riga. Na fara a 2023. Ina sayarwa a Etsy, dandalin sayar da kayan hannu a intanet, da kuma kasuwannin masu sana'ar hannu da ake ci lokaci zuwa lokaci.

Duk cinikin 2024 ya tashi dala 2,870. Ban gama haɗa abin da ya fita ba, amma na san ya haura haka. Abin da nake son sani guda ɗaya ne: wannan faɗuwar, doka ta yarda in cire ta daga albashinmu kafin a lissafa mana haraji, ko kuwa tawa ce ni kaɗai?

18 ga Janairu

Amsar ita ce ta yarda, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya hana ni barci kwana biyu.

Mai sana'a shi kaɗai yana rubuta cinikinsa da kashe-kashensa a fom mai suna Schedule C, wanda ake haɗawa da babban fom 1040. In ƙasan lissafin ya nuna asara, asarar tana zuwa ta rage sauran kuɗin shiga na gidan, har da albashi. Sai dai sashe na 183 na dokar haraji ya raba abu biyu: sana'ar da ake yi don neman riba, da aikin da ake yi don sha'awa kawai. In hukumar haraji, wato IRS, ta ce naka na sha'awa ne, ba ka da damar cire asara. Kafin 2018 mai aikin sha'awa yana iya cire wani abu daga kashe-kashensa, muddin bai wuce abin da ya samu ba. Dokar da aka yi a ƙarshen 2017 ta rufe wannan ƙofar. Yanzu mai aikin sha'awa zai bayyana abin da ya samu, ya cire kuɗin kayan da suka shiga cikin abin da ya sayar, shi ke nan. Kuɗin gidan waya, kuɗin mai, kuɗin tebur a kasuwa, duk sun tafi. Mutum yana iya faɗuwa a zahiri, kuma a nemi haraji a hannunsa.

Akwai maganar da kowa ke yawo da ita, wai in ka faɗi shekara uku sana'arka ta zama wasa. Ba haka dokar ta ce ba. Cewa ta yi in ka ci riba a shekara 3 cikin 5 a jere, za a ɗauka don riba kake yi, sai hukuma ce za ta kawo hujjar akasin haka. Masu kiwon dawaki shekara 2 cikin 7 aka ba su. In ba ka cika ba, ba a yanke maka hukunci ba tukuna, nauyin hujja ne kawai ya dawo wuyanka. Ni na faɗi a 2023, ga 2024 ma. Ke nan in ina son wannan inuwar cikin shekara biyar ɗin farko, sai 2025 da 2026 da 2027 duk sun kawo riba.

Maigida yana jin ina karanta wannan a fili, sai ya ce, "To ke da kike manta abinci in kin hau keken nan, ba za su ce sha'awa ce ba?" Tambayar ta shige ni. Ƙa'idojin da Ma'aikatar Kuɗi ta rubuta a kan sashen sun kawo abubuwa tara da ake dubawa, jin daɗin aikin yana cikinsu, amma sun faɗa ƙarara cewa son aikinka shi kaɗai bai mai da shi wasa ba. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na farko: shin kana tafiyar da abin kamar kasuwanci? Kana da littafin shiga da fita? In wata hanya tana cin jari, kana sauya ta? Akwai kuma wanda ba ya goyon bayana, wato in mutum yana da albashin da yake rufe masa asarar kowace shekara, ana iya zargin ba ribar ce ta dame shi ba. Sauran sun shafi gwaninta, lokacin da ake ba aikin, da tarihin riba da faɗuwa, tare da la'akari da cewa shekarun farko na kowace sana'a sukan zo da asara.

Na kuma ci karo da shari'ar Groetzinger, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1987. Mutumin caca yake yi a tseren karnuka, safe da yamma, ba shi da wani aikin, kuma shekarar ta ƙare masa da asara. Caca ba abin da zan kusanta ba ce, amma ma'aunin da kotun ta kafa ya shafi har mai keken ɗinki: a yi abin a kai a kai ba tsayawa, kuma babban nufi ya zama samun kuɗi. Na farkon na cika shi. Na biyun yana zuciyata, amma ba na jin yana cikin kwalin nan.

25 ga Janairu

Na buɗe asusun banki na ɗinki shi kaɗai. Daga yau ko allura ce da katinsa zan saye ta. Wannan ba zai gyara 2024 ba, amma ba zan sake zama ina tsince kuɗin zare daga cikin cefanen gida ba.

Fom 1099-K, takardar da dandalin sayarwa irin Etsy ke turowa da jimillar abin da aka biya mutum, ba zai zo mini ba, don na 2024 sai wanda aka biya shi fiye da dala 5,000 ta dandali guda ake tura wa. Rashin zuwansa bai ɗauke mini komai ba. Har kuɗin hannu da ake miƙo mini na gyaran wando yana cikin 2,870 ɗin nan. Kuma cikakken abin da mai saye ya biya ake rubutawa a sama, a zo ƙasa a cire kason dandali, ba abin da ya faɗo asusu bayan an zaftare ba.

1 ga Fabrairu

Yadi ya ci mini yini guda. Na sayi yadi da zare da zif da shafi na dala 2,040 a shekarar, kuma da farko duka na rubuta. Kuskure ne. Abin da ya shiga cikin kayan da aka sayar shi ake cirewa, wanda yake kan kanta yana jiran shekarar da za a sayar da shi. Na sauke bandir-bandir ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, na auna abin da ya rage, na haɗa da jakunkuna goma sha ɗaya da ke rataye ba su samu mai saye ba: dala 520. Sai kuma wani yadi shuɗi mai ɗigo-ɗigo da na gani a rasit ɗin watan Agusta, na tsaya ina tunanin ina ya shiga, can na tuna shi ne rigunan da na ɗinka wa yara. Da shi da wasu ƙananan abubuwa na gida, dala 140. Na fitar da su. Saura 1,380.

Keken masana'anta da na saya a watan Maris dala 1,150 ne. A ƙa'ida na'ura irin wannan ana raba kuɗinta ne a kan shekaru, amma akwai sassauci ga kayan da ba su wuce dala 2,500 kowane ɗaya ba: ana iya cire kuɗin gaba ɗaya a shekarar, in an haɗa 'yar takardar zaɓin hakan da fom ɗin kuma an aika a kan lokaci. Kason Etsy da kuɗin gidan waya 610. Kuɗin tebur a kasuwanni huɗu 360. Intanet muna biyan dala 80 a wata, na ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu, 240, kuma na rubuta dalilina a bayan takardar don kada in manta yadda na kai ga adadin.

9 ga Fabrairu

Mota. Abin da aka yarda a cire na 2024 santi 67 ne kowane mil. Matsalar ita ce sai a watan Mayu na fara rubuta tafiye-tafiye. Na zauna da kalandar wayata da rasit ɗin gidan waya da na shagon yadi, duk ranar da takarda ta nuna na je, na duba nisan a taswira na rubuta. Wadda babu takarda na bar ta, ko da na tabbata na yi ta. A Schedule C ɗin kansa, a sashen mota, ana tambaya ko kana da hujja, sannan a sake tambaya ko rubutacciya ce. Ina son in amsa biyun da zuciya ɗaya. Mil 820, dala 549.

Jimillar kashewa 4,289. Ciniki 2,870. Faɗuwa 1,419. Ko da ban sayi keken ba, da na faɗi da dala 269.

23 ga Fabrairu

Wannan makon na ɗakin ne, kuma a nan na fi koyon abu.

Yayata ta kira ni muna hira, ta ce, "Ke dai ki saka rabin kuɗin haya, ai a gida kike aikin, kowa haka yake yi." Na ce, "Yaya, ki bari in auna tukuna, kada in rubuta abin da ba zan iya tsayawa a kansa ba." Sharaɗin wurin sana'a a gida biyu ne: a riƙa amfani da shi a kai a kai, kuma don sana'ar kaɗai. Ɗakina ƙafa 12 ne a 12, amma akwai gadon baƙi a jikin bango ɗaya, kuma an kwana a kansa sau da dama a bara. Ɗakin gaba ɗaya bai cika sharaɗi ba ke nan. Sai dai doka ba ta ce dole sai ɗaki guda ko sai an gitta bango ba, yanki ne da za a iya nunawa a ce daga nan zuwa nan. Na ɗauko tef ɗina na awo, mai inci 60, wato ƙafa 5, ƙaramar 'yata ta danne mini bakinsa da yatsa a ƙasa ina ja ina sa alama da allin yanka. Daga bakin gadon zuwa taga, inda keke biyu da teburin yanka da kantar yadi suke: ƙafa 8 a 12, murabba'in ƙafa 96. Gidan duka 960 ne bisa takardar haya. Kashi 10 cikin 100. Na ɗauki hoton wurin ta kusurwa uku.

Hanyar lissafa kuɗin wurin biyu ce. Mai sauƙin, wadda aka fara a 2013, dala 5 ce kowace murabba'in ƙafa, iyakarta 300, wato 1,500. Nawa zai zama 480. Doguwar kuma fom 8829 ce: a tara haya da wuta da inshorar masu haya, a ɗauki kason. Namu 19,840 ne a shekara, kasona 1,984.

Na yi murna da 1,984 ɗin na minti biyar, sai na kai layi na 29 da na 30 na Schedule C na gane yadda abin yake. Kuɗin gida ba ya ƙara zurfin asara. Iyakarsa ribar da ta rage bayan an cire sauran kashe-kashe. Ni kuwa ba uwa ba riba, don haka bana sifili zan samu ta kowace hanya. Bambancin yana gaba: ta hanya mai sauƙi 480 ɗin ta ɓace har abada, ta doguwar kuwa 1,984 ɗin ana ajiye mini ita zuwa shekarar da riba ta samu. Saboda haka zan cika 8829 duk da ba zai ba ni ko santi bana ba.

Awon bai tashi a banza ba ta wata fuskar ma. Da yake nan ne babban wurin sana'ar, tafiya daga ƙofar gida zuwa gidan waya ko kasuwa tafiyar kasuwanci ce, ba zuwa aiki da dawowa ba, wanda ba a cirewa. Mil 820 ɗin nan a kan wannan yankin suke tsaye.

8 ga Maris

Na so in kai wa masu taimako kyauta na shirin VITA, amma Schedule C mai asara ko mai kuɗin gida ba ya cikin abin da aka yarje musu su cika. Na sami wata mai lasisin IRS na aikin haraji, na biya ta awa guda. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: na kai mata komai, har rasit ɗin yadin yara da na ware.

Ta amince da lissafin. Na tambaye ta fom 5213, wanda yake ba mutum damar cewa a dakata da yanke hukuncin sana'a ce ko sha'awa sai shekara biyar ɗin farko sun cika. Ta nuna mini cewa wanda ya cika shi ya kuma yarda a tsawaita wa hukuma lokacin da za ta iya dawowa kan waɗannan shekarun, kuma a ganinta ba na bukatarsa tunda ba wanda ya tuhume ni. Na bar shi.

Sannan ta juya takardar ta yi wani ɗan lissafi. Ni da maigida tare muke cikawa, kuma muna matakin kashi 12 cikin 100. Asarar 1,419 za ta rage mana harajin tarayya da kamar dala 170. Na daɗe ina kallon adadin. Na yi wata biyu ina bin wannan rangwamen kamar shi ne zai mayar mini da abin da na rasa, ashe cikin kowace dala da ta fita santi 12 ne ke dawowa. Sauran 1,249 daga albashina suka fita, daga awannin da na tsaya a wurin aiki.

29 ga Maris

Na ɗauki jaka ɗaya na bi ta daga yanka zuwa gidan waya. Ina sayar da ita dala 28. Yadi da shafi da maɗauri 9. Etsy na karɓar santi 20 na sakawa da kashi 6.5 cikin 100 na ciniki, ga kuɗin sarrafa biya, ga kuɗin aikawa da na ɗauke wa masu saye don in jawo su: duka kusan 8. Saura 11, a aikin awa biyu da rabi, kuma ban cire mai ko tebur ko intanet ba. Rage tsawon wando kuwa dala 15 ne, minti 20, zare kawai yake ci, mai shi ya kawo da ƙafarsa ya karɓa da ƙafarsa.

Shekara biyu ina zuba ƙarfina a inda nake so, ina ɗaukar gyara kamar aikin cike gurbi. Daga Afrilu jaka ta koma 38, mai saye ya biya aikawa. Kasuwanni huɗu sun koma biyun da suka mayar da kuɗin teburinsu. Ba sabon yadi sai na kanta ya ragu. Na buga 'yan katuna na gyaran tufafi zan ajiye a wuraren wanki biyu da suka ba ni izini. Na rubuta duk wannan a shafi guda da kwanan wata, da lissafin da ya kai ni ga kowane mataki. Na san irin takardar da mai bincike zai so gani ce, amma ni na fi shi bukatarta.

10 ga Afrilu

An aika, saura kwana biyar wa'adin 15 ga Afrilu ya cika. Layi na 31 ya nuna asarar 1,419. Na amsa cewa da hannuna nake gudanar da sana'ar, kuma jarin duka nawa ne, in ya nutse ni ya nutse wa. Babu harajin mai zaman kansa, wanda mai sana'ar kansa ke biya a kan ribarsa, bana, don sai abin da ya rage ya kai dala 400 ake biyansa. Rasit da hotunan ɗaki da littafin mota sun shiga fayil guda. Aƙalla shekara uku ake so a riƙe su, amma takardun 8829 za su zauna har sai na cinye ajiyar, sannan in ƙirga ukun daga nan.

12 ga Yuli

Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga wannan wata ta mai da hana masu aikin sha'awa cire kashe-kashe abu na dindindin. Da an sa ran zai ƙare a ƙarshen 2025. Ta kuma mayar da iyakar 1099-K zuwa dala 20,000 da ciniki 200. Na biyun bai sauya mini komai ba. Na farkon yana nufin layin da ke tsakanin sana'a da sha'awa zai ci gaba da tsada.

Rabin shekara: ciniki 2,310, kashewa 1,190, har da mota a kan santi 70 na bana. Riba 1,120, alhamdu lillahi, fiye da rabinta daga gyara. Masu sayen jaka sun ragu da sabon farashi, amma kowace ɗaya tana barin wani abu. Na fara ware kashi ɗaya cikin huɗu na ribar a gefe, domin in shekara ta ƙare a haka harajin mai zaman kansa na kashi 15.3 zai hau kaina, ban da harajin kuɗin shiga.

Yanzu wata sabuwar tambaya ce a gabana. In na bi 8829 a 2025, kuɗin gida na bana da ajiyar 1,984 za su kai kusan 4,000, su cinye ribar ta koma sifili. Haraji zai ragu, amma sifili ba riba ba ce, kuma sashe na 183 yana ƙirga shekarar da abin da ya shigo ya haura abin da aka cire ne. In na bi hanya mai sauƙi, 480 kawai zan cire, riba ta fito a takarda, ajiyar kuma ba ta ɓacewa, tana jira sai shekarar da na koma 8829, tunda kowace shekara ana iya zaɓar hanya. Zuciyata ta fi karkata ga in biya harajin in sami shekara ta farko cikin ukun. Zan kai wa mai lasisin nan lissafin biyu a watan Disamba, in Allah ya kai mu, lokacin da adadin ya tsaya. Kafin nan akwai rigunan ƙawayen amarya shida da ke rataye a bayan ƙofa, duk a rage tsawo, Alhamis za a zo karɓa.